FILIN WASANNI: Yaran Jos Da Ƙwallon Gashin Tsuntsu

In aka ce wasa a Jos, to ƙwallon ƙafa ake nufi. Garin Mighty Jets ne, garin Plateau United wadda ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 2017, kuma daga nan Mikel Obi da Ahmed Musa suka taso. Amma akwai wata haifaffiyar Jos wadda ta zama zakarar Afirka sau biyu a jere, da wuya kuwa a sami mai kawo sunanta ko da za a zagaye kasuwar Taminus ana tambaya. Ita ce Grace Gabriel, wadda aka haifa a 1988. Ta ci gasar badminton ta mata ta Afirka duka a Addis Ababa, babban birnin Habasha, a 2012, ta sake ci a ƙasar Morishos a 2013.

Ga wanda bai taɓa gani ba, badminton wasa ne da ake yi a kan raga mai tsawon kamu kusan uku daga ƙasa, watau mita 1.55, ana dukan wata 'yar ƙwallo da madoki mai kama da rariya. Ƙwallon nan gashin tsuntsu 16 ne, na dinya ko na agwagwa, aka kakkafa a jikin toshiya irin ta kwalba, nauyinta duka giram biyar ne ko kusa da haka. Mai kallo daga nesa sai ya ɗauka wasan yara ne. Wanda ya shiga fili ya yi minti goma shi zai ba da labari.

Wasan yana da gasarsa ta samari da 'yan mata ta duniya, wadda aka fara a Jakarta ta ƙasar Indunusiya a 1992. Sharaɗinta ɗaya ne mai tsanani: wanda ya kai shekara 19 ba shi da wuri a ciki. An yi ta a Spokane ta Amurka a 2023, a Nanchang ta ƙasar Sin a 2024, a Guwahati ta Indiya a 2025. A nan ne kowace ƙasa take baje abin da ta shuka, kuma juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Chen Long na Sin ya ci wannan gasa a 2007, ya ci zinariyar Olamfik a 2016. Viktor Axelsen na Danmak ya ci ta a 2010 yana ɗan shekara 16, daga baya ya ɗauki zinariyar Olamfik har sau biyu, a Tokyo da Paris.

Labarin da ya fi dacewa da mutanen Jos shi ne na Ratchanok Intanon ta ƙasar Tailan. Iyayenta leburori ne a wata masana'antar kayan zaƙi. Mai masana'antar ta ji tsoron kada 'ya'yan ma'aikata su ƙone da tafasasshen sukari, sai ta tura su filin badminton da ke harabar wurin su yi ta wasa. Yarinyar nan ta ci gasar samarin duniya a 2009 tana da shekara 14, ta sake ci a 2010 da 2011, sa'an nan a 2013 ta zama zakarar duniya a cikin manya. Abin da ta samu tun tana ƙarama shi ne ɗaki mai rufi, da ƙwallo, da mai koyarwa.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Ƙwallon ƙafa ko da tsumma ana yin ta a bayan gida. Badminton kuwa ba ta son iska ko kaɗan, Jos kuma garin iska ne. In hunturu ya kama, ƙwallo mai giram biyar sai inda iska ta ga dama ta kai ta. In damina ta faɗi, gashi ya jiƙe, wasa ya tashi. Yaron da ya koya a fili buɗe yakan saba da dukan ƙarfi kawai, ba ya koyon ajiye ƙwallo daf da raga ko jefa ta a kusurwa, alhali da waɗannan ne ake cin maki a gasar ƙasashe.

Ita ƙwallon ma abar kashe kuɗi ce. Daga waje ake shigo da ita, mafi yawa daga Sin, sha biyu sha biyu a cikin gwangwanin kwali, kuma 'yan wasa masu ƙarfi sukan karya da yawa kafin su gama karawa ɗaya. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, ga shi kuma gashin kansa ya yi tsada a can inda ake yin ta. Akwai ta roba mai araha da daɗewa, sai dai tashinta da saukarta daban ne, yaron da ya girma a kanta kuwa ranar gasa zai zama baƙo ga ƙwallon da aka miƙa masa.

Akwai kuma wani abu na Jos ita kaɗai. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarsa ba ta da kauri kamar ta Ikko ko Fatakwal, saboda haka ƙwallo ta fi gudu a nan. Masu yin ta sun san haka, shi ya sa suke sa mata lamba, daga 75 zuwa 79, mai ƙaramar lamba ita ce ta kan tudu. Mai sayen kaya wa yara wanda bai san wannan ba zai horar da su a kan ƙwallon da ke wuce layi a gida, in sun sauka bakin teku kuma ta riƙa faɗuwa tun ba ta kai ba.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Bauchi, maƙwabciyar Filato, ta karɓi gasar Afirka a 2000, kuma a Abuja ne aka fara sa badminton cikin Wasannin Afirka a 2003. Anuoluwapo Opeyori, ɗan Ikko, ya zama zakaran Afirka a Fatakwal a 2019, ya sake zama a 2022, 2023, 2024 da 2025. Mariam Eniola Bolaji daga Kwara ta ci tagulla a wasannin naƙasassu na Paris a 2024, ita ce 'yar Afirka ta farko da ta sami lamba a badminton a irin wannan taro. Sai dai duk nasarar manya ce, ta mutum ɗai-ɗai. Gasar samari ta ƙungiya, wadda ake kira Kofin Suhandinata, tana bukatar maza da mata tare, ƙasar da ta bar 'yan matanta a gida ba ta da abin kaiwa.

Hanyar zuwa can ta jiha take farawa. Wasannin Matasa na Ƙasa, waɗanda aka fara a Abuja a 2013, aka yi shekaru ana yi a Ilori, aka koma Asaba a 2023, na 'yan ƙasa da shekara 15 ne, a irin wannan taro kuwa masu horarwa suke tsintar yara. A nan wajibi ne a tsawata wa masu rage wa ƙato shekaru domin a ci lamba: sun tauye yaron gaskiya, sun kuma aika wa ƙasa da wanda ya riga ya gama girma.

Jos gari ne na makarantu, filin badminton kuwa mita 13.4 ne a tsaye, 6.1 a kwance, zai shiga zauren taron makaranta in rufinsa yana da bisa. Ya kamata Hukumar Wasanni ta Jihar Filato da Ma'aikatar Ilmi su zauna da shugabannin makarantu a ware irin waɗannan zaure da yamma, a ja layi, a ɗaura raga, a sa kuɗin ƙwallo cikin kasafi kamar yadda ake sa na alli. Hukumar Badminton ta Nijeriya kuma ta aiko da masu koyar da malamai. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya na sakandare bana tana da shekara 12, shekara bakwai ke nan suka rage mata kafin a rufe mata ƙofar gasar samari.