Shafin Mata: Rigar Bazara da Takardar Yanka

Mu nan Augie, daga watan Maris zuwa Mayu ko iskar Gulbin Rima ba ta sanyaya jiki, ƙurajen zafi kuwa su dami yara. Wannan lokaci yana bukatar riga sakakkiya ta auduga, wadda ba nailan a cikinta.

Kwanan baya maƙwabciyata ta shigo wurina da ɓacin rai. 'Yarta ta kawo mata takardar yankan riga daga Kaduna, irin wadda ake sayarwa cikin ambulan da hoton riga a kai. Ta sayo atamfa a kasuwar Argungu da kuɗin shinkafar da ta noma a fadama. Ta dubi lambar da ke jikin wata rigar kanti da take sawa, ta yanka bisa ga wannan lamba. Da ta gama ɗinki, riga ta ƙi wuce kafaɗa. Masu iya magana sun ce tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Haka almakashi yake.

Wani Ba'amurke, Ebenezer Butterick, shi ya fara sayar da irin wannan takarda mai girma iri iri a 1863. Lambarta ba ɗaya take da lambar rigar kanti ba. Saboda haka awon jikinki za ki bi. Ga yadda za ki yi:

1. Ki sa wata ta auna miki ƙirji, ƙugu da kwatangwalo da tef. Ki gwada da awon da aka rubuta a bayan ambulan, ki bi na ƙirji.

2. Bayan ambulan yana nuna yadi nawa za ki saya, ga mai faɗin inci 45 da mai inci 60. Atamfa tana layin 45.

3. Ki wanke yadin, ki goge kafin yanka, domin auduga takan tsuke a wankin fari.

4. Kada ki yanka takardar kanta. Ki kwafi girmanki a kan tsohuwar jarida, ki adana ta ainihin. Ta haka takarda ɗaya za ta ishi mata goma.

5. Doguwar kibiyar da ke kan kowane yanki ta bi tsawon yadi, daidai da bakinsa. In atamfar mai tsuntsu ce ko fure, ki lura duk su dubi sama.

6. Takardun Butterick da Simplicity sun bar wurin ɗinki, yawanci inci 5/8. Na cikin mujallar Burda ba su bari ba, ke za ki ƙara da alli.

7. Ki harhaɗa rigar da allurar hannu tukuna, ki sa, ki ɗaga hannu, ki durƙusa kamar za ki hura wuta. In hammata ba ta matse ba, sai ki hau keke.

Maƙwabciyata ba ta yi hasara duka ba. Mun rage rigar ta zama ta jikarta, sauran yadin kuma ya yi ɗaurin zane da kallabi.

A wata mai zuwa za mu duba yadda ake kalmasa da sa zif. Sai mun sadu, a gai da mutanen gida.