YAWON BUƊE IDO DA DAMANA: IYALAN GURE SU SAN RUWAYEN ƘASARSU

A ƙasar Gure ruwan sama bai cika wuce milimita 300 zuwa 350 a shekara ba, kuma mafi yawansa yana sauka ne cikin watannin Yuli da Agusta. A waɗannan ƴan makonni ne tudun rairayi ke rufewa da ciyawa, kwaruruwa su cika, duwatsun Muniyo da na Kutus su yi kore. A daidai wannan lokaci ne kuma ƴan makaranta ke babban hutu. Duk da haka, yara da yawa na cikin gari, musamman ƴaƴan ma'aikata da na ƴan kasuwa, sukan ƙare hutun nan a zaure ko a bakin hanya, ba su taɓa ganin tabki ɗaya na ƙasarsu ba. Wannan asara ce wadda ba a lissafa ta, ya kamata kuwa a lissafa.

Wurin zuwa ba shi da nisa. Wanda ya kama babbar hanyar kwalta daga Gure ya nufi Damagaram, in ya wuce Gidigir, bayan wajen kilomita 100 zai tarar da tabkin Gidimuni, inda garake na rake, da rogo, da dabino suka kewaye ruwa. A shekarar 2019 aka sa wannan tabki cikin jerin wurare masu dausayi da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, wadda Nijar ta shiga a 1987. Tabkin Lasuri, shi ma a jahar Damagaram, ya samu wannan matsayi tun 2005. Wanda ba shi da kuɗin mota kuwa, kwaruruwan da ke kewaye da Gure sun ishe shi, da amalanke ko da ƙafa. Abin mamaki ne a ce masana na tasowa daga ƙasashen waje don su ga waɗannan wurare, alhali ɗan da aka haifa kusa da su bai san su ba.

Wasu dattawa za su ce damana lokacin aiki ne, ba lokacin yawo ba. Maganarsu tana da tushe, don kuwa ba mai hankalin da zai bar gonarsa cikin haki ya tafi kallon ruwa. Amma bayan noman fari da maimai, kafin hatsi ya nuna, akwai ƴan kwanakin da manomi kansa yake hutawa. Wuni guda a ciki ba ya rage damin hatsi ko ɗaya. Wasu kuma za su ce wannan al'adar Nasara ce. To, kakanni ma sun san fita daji da yara, a nan ne suke nuna musu sunan itace da na tsuntsu, da inda ake samun kanwa, da inda ba a takawa. Abin da ya sake shi ne yanzu sai an ɗauki niyya.

Amfanin tafiyar ya wuce shan iska. Yaron da ya tsaya a gindin tudun rairayi ya ga yadda ya binne dabino har wuya, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan hamada. Zai tambaya, "Baba, wa ya zuba wannan ƙasa?" Nan ne uba zai gaya masa labarin farin 1973 da na 1984, da yadda sare itace da kiwo ba ƙa'ida suka tuɓe wa tuddai sutura har iska ta samu hanya. Zai nuna masa shingayen da aka kafa don tsai da rairayi, irin aikin da shirin PLECO ya yi a gundumomin Gure da Maine-Sorowa. Gani ya kori ji. Tun 1975 ake dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta a ƙasar nan, amma itacen da ba wanda ya koma ya dube shi, rabon awaki ne.

Sai dai ruwan damana ba abokin wasa ba ne, kuma a nan ne maigida zai nuna ko shi shugaba ne. A damanar 2024 ambaliya ta hallaka fiye da mutum 300 a Nijar, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi cikin watan Satumba. Ƙorama takan zo da ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa, ko da sama tana garau. Kada a tsallaka ta, kada a yi zango cikinta. Kada a bar yara su shiga wanka, saboda ramuka da laka, da kuma tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke fitowa daga jikin ƙananan katantanwa ta shiga ta fata. A tafi da ruwan sha daga gida. In hadari ya taso, a nisanci gindin dogon itace. A kuma kama hanya tun la'asar, kafin sauro ya fito.

Akwai kuma haƙƙin masu wuri. Bakin tabki gonar wani ce, mashayar wani ce. Baƙo ya fara gai da maigari, ya nemi izini, ya sayi rake da kifi da kuɗinsa, kada ya tsinki abin da bai shuka ba. Ledar da ya zo da ita ya koma da ita, don dabba na ci ta mutu. Dokar hana irin wannan leda tana nan tun 2014.

Kira na ƙarshe ga hukumomi ne. Magadan gari, da sarakuna, da ma'aikatan gandun daji suna iya keɓe wuri guda mai inuwa a bakin kowane babban tabki, a kafa allo da Hausa da Barbarci mai nuna inda ruwa yake da zurfi, a sa matasan gari su lura da tsabtarsa. Wannan bai kai kuɗin taron wuni ɗaya ba. Malaman yaƙi da jahilci su ma suna iya kai ɗalibansu, kowa ya rubuto abin da idonsa ya gani, a karanta a aji.

Tabkin da jama'a suka sani suka kuma saba da shi, ba za su zura ido rairayi ya cinye shi ba. Allah ya ba da damana mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.