Maƙabartar Baƙo Ita Ake Fara Tonewa

Duk wanda ya duba tarihin mulkin mallaka da idon basira zai tarar da wata magana da Turawa suka riƙa fakewa da ita a duk inda suka sa ƙafa, wato "amfanin jama'a". Da ita suka ƙwace gonaki, da ita suka rushe unguwanni, da ita kuma suka kai hannu ga kaburbura. Bature ya shimfiɗa taswira a ofis ya ja layin hanya, ko oho da wanda ke kwance a ƙarƙashin layin. Mu da ke zaune a Kurmi, muna binne 'yan'uwanmu nesa da gida, ya kamata mu ji abin da ya sami waɗansu baƙi irinmu a birnin Shanghai na ƙasar Sin.

Mutanen garin Ningbo baƙi ne a Shanghai, neman abinci ya kai su. A shekarar 1797 suka kafa ƙungiyar 'yan gari mai suna Siming Gongsuo, suka tanadi maƙabarta. Mai hali a ajiye akwatin gawarsa har a sami jirgin da zai kai shi gida, talaka kuwa a binne shi a nan. A 1849 Faransa ta yanki wani ɓangare na birnin ta sa a ƙarƙashin ikonta, maƙabartar ta faɗa ciki.

A 1874 hukumar Faransawa ta ce za ta ratsa hanya ta cikin kaburburan. Shugabannin ƙungiyar suka roƙa a karkata hanyar, hukuma ta yi kunnen uwar shegu. Tarzoma ta ɓarke, aka ƙone gidaje, aka harbe mutane. A 1878 aka yi yarjejeniya a rubuce cewa za a bar maƙabartar har abada.

To, "har abada" ɗin Bature shekara 20 ce kacal. A watan Yuli na 1898 Faransawa suka dawo da sabuwar hujja, wai maƙabarta na kawo cuta, za su gina makaranta da asibiti da mayanka a wurin. Sojojinsu na ruwa suka rushe katanga, suka buɗe wuta, mutum 17 suka mutu. Sai mutanen Ningbo suka yi abin da Faransa ba ta zata ba. Ɗan kasuwa ya rufe kanti, ma'aikacin jirgi ya sauka, baran gidan Bature ya ajiye aiki. Harkokin birni suka tsaya, tilas Faransa ta janye daga filin, ko da yake daga baya ta sami ƙarin ƙasa ta wani gefen.

Wani zai ce ai makaranta da asibiti ba abin ƙi ba ne. Gaskiya ne, kuma malamanmu ma sun yarda a sauya wa mamaci kabari in lalura ta kama, muddin ba a keta masa alfarma ba. Amma wa ya yanke cewa lalura ce? An tambayi masu gawa? Me ya sa duk faɗin gari sai filin baƙo ne ya dace da mayanka? Dalili shi ne ana ganin baƙo ba shi da kowa.

Kada a ɗauka wannan hali ya tafi tare da Turawa. A nan Nijeriya sun kafa dokar karɓe fili don aikin gwamnati tun 1917, magadansu kuma suka riƙe ta da hannu biyu. A 1971 gwamnatin soja ta Mobolaji Johnson ta ba da sanarwar kwashe maƙabartar Ajele da ke tsibirin Ikko don gina ofisoshi. Har Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda ya rasu a 1891, sai da aka tone shi. Dokar filaye ta 1978 kuwa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon soke haƙƙin mai fili in ya ce don amfanin jama'a ne. In an tone bishop a garin da ake girmama shi, ina ga ɗan kasuwar shanu da ya zo daga Katsina?

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da attajiranmu, daga Agege har Sabon Ibadan da Sagamu. A binciki maƙabartun da muke binne namu. Da sunan wa filin yake? An auna shi? An kewaye shi? Akwai takardar gwamnati, ko kuwa alkawarin baka ne aka yi da kakanni? In babu, a haɗa kuɗi a nema tun kafin ma'aunin hanya ya iso.

Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Mutanen Ningbo suna da tasu, aka take ta. Abin da ya cece su shi ne attajiri da lebura sun tashi rana ɗaya da murya ɗaya. Jama'ar da ta rabu gida biyu kan sarauta ko limanci, ranar da katafila ta tsaya a bakin maƙabarta ba za ta sami mai magana da yawunta ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.