Wane John Jones Ɗin Kake Nema?

Duk wanda ya tashi neman asalin kakanninsa a Wales, sunan Jones ne ke fara gwada haƙurinsa. Sai ya buɗe rajistar cocin ƙauye ɗaya ya tarar da John Jones rututu, kuma babu jinin da ya haɗa su.

A da, mutanen Wales ba su da sunan zuri'a. Da sunan uba ake kiran yaro, a saka "ap" ko "ab" a tsakani, mace kuma a saka mata "ferch". Mutum kan jero kakanninsa a ka, domin a tsohuwar dokarsu da dangantaka ake rabon gona, da ita ake biyan diyya. Bayan dokokin 1536 da 1543 da suka haɗe Wales da Ingila a zamanin Sarki Henry na Takwas, kotuna da magatakarda suka fi son suna tsayayye. A hankali ap Hywel ya koma Powell, ab Owen ya koma Bowen, 'ya'yan kowane John suka zama Jones. Suna ya tsaya cik, amma ya daina faɗin wa ya haifi wa.

Shi ya sa gwanayen wannan bincike ke fara tambayar wuri kafin suna. An umarci coci-coci da rubuta baftisma, aure da jana'iza tun 1538, gwamnati ta soma rajistar haihuwa a 1837, ƙidayar 1841 kuma ta zo da sunayen mutanen kowane gida. Sai dai Walasawa da yawa sun bar Cocin Ingila sun koma ƙananan majami'unsu. Daga 1754 zuwa 1837 dole aurensu ya bi ta cocin hukuma, amma baftismar 'ya'yansu tana wani littafi daban, wasu littattafan ma sun ɓace. Abin da ke raba gardama sau da yawa shi ne sunan gona. A Laburaren Ƙasa da ke Aberystwyth akwai taswirorin harajin coci na wajajen 1840, kowane fili da lambarsa, an rubuta mai shi da mai noma shi. Idan wata tsohuwa ta riƙe sunan gonar da aka haifi kakanta, an samu bakin zaren.

Mu ma haka muke sa suna: Sani Musa ɗan Musa Ibrahim. Yanzu takardun makaranta, banki da fasfo suna tilasta mana tsayar da suna ɗaya ga gida duka, kuma Muhammad da Abubakar ɗinmu ba su da iyaka. Kafin tsofaffinmu su kau, a zauna da su a rubuta wane ya haifi wane, a wace unguwa, me yake yi, da laƙabin da aka san shi da shi. Jikokinmu da wannan takardar za su gane nasu a cikin dubban masu suna ɗaya.