A karrama masu binciken ƙasar Adar tun suna matasa

Tun 1996 shugaban ƙasar Amurka yake bai wa matasan masana kimiyya da injiniyoyi lambar yabo ta ƙasa, tun suna farkon aiki. Dabarar a fili take: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu a Keita mun san amfanin ilimi idan ya sauko gona. Aikin raya karkara da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ya farfaɗo da faƙon da aka fid da rai da shi, mata suna ɗaukar duwatsu a ka, ana jera su a kan gangare don tare ruwan damina. To wa zai auna yashin da ke cike madatsun ruwan aikin nan yau? Wa zai nemo wa manomin Madawa da Buza hanyar ajiye albasa ba ta ruɓe a rumbu ba? Matasan Jami'ar Tawa da na cibiyar binciken noma ta INRAN ne. Kada a jira sai bayan ransu kafin a karrama su: Abdou Moumouni, masanin hasken rana, sai bayan rasuwarsa a 1991 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Hukumomi, ku ware wa ƴaƴanmu lambar yabo duk shekara, haɗe da kuɗin bincike.