Amanar Da Ke Cikin Wayar Hannu

Duk wanda ya saba zama a majalisar unguwa bayan sallar La'asar, ko ya taɓa tsayawa a rumfar masu cajin waya yana jiran batirinsa ya cika, ya san cewa a zamanin nan babu hirar da ta fi saurin haɗa tsoho da yaro, malami da ɗan kasuwa, kamar hirar waya. Wannan yana yabon Tecno saboda riƙon caji, wancan yana rantsuwa cewa babu kamar Samsung wajen hoto, wani kuma yana ƙorafin cewa tun da ya sabunta manhajarsa wayar ta yi nauyi, data ba ta kwana. Kowa da ra'ayinsa, kowa kuma da hujjarsa. Amma da zarar wani ya kawo batun sirri, ya ce kamfanonin da ke ƙera manhajojin waya suna kwasar bayanan mutane, sai ka ji majalisa ta yi kusan ijma'i a kan amsa guda: "To ni me nake da shi da zan ɓoye? Ni ba ɓarawo ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba." Wannan amsa, ko da yake masu faɗinta suna faɗinta ne da zuciya ɗaya, a ganina kuskure ce babba, kuma illarta ta fi faɗawa a kan waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Dalili kuwa shi ne, abin da ke cikin wayar mutum mafi yawansa ba nasa ba ne. Idan magidanci ya buɗe wayarsa ya duba da idon basira, zai tarar da lambar mahaifiyarsa da ta surukansa, da hoton 'yarsa ranar walimar saukarta, da saƙon murya wanda ƙanwarsa ta aiko masa cikin dare tana kukan halin da take ciki a gidan aurenta, da hoton takardar asibiti da amininsa ya turo domin a taimaka masa da kuɗin magani, da lambar asusun abokin cinikinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah da ya ba shi abin nan domin ya miƙa wa wani. Sun ba shi ne saboda sun amince da shi. Saboda haka, a ranar da ya sauke wata sabuwar manhaja, ta nemi izinin shiga jerin lambobinsa da hotunansa, ya danna maɓallin amincewa ba tare da ya tsaya ya karanta ba, to, haƙiƙa ya yi kyauta da kayan da aka ba shi ajiya.

Magabatanmu sun fahimci wannan mas'ala tun kafin a san lantarki, har suka gina ta da ƙasa. Bahaushe bai sa zaure a ƙofar gidansa don yana aikata laifi a ciki ba. Ya sa shi ne domin baƙo ya yi sallama ya tsaya a nan, maigida ya fito ya same shi, iyali kuma su zauna cikin sutura, kuma ba a taɓa jin mai hankali ya ce tun da ba shi da abin kunya bari ya rushe zaurensa ba. Addini ma ya zo ya ƙarfafa wannan ɗabi'a, ya mayar da ita hukunci. A cikin Suratun Nur an wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, har ma aka keɓe wasu lokuta uku, kafin sallar Asuba da tsakar rana da bayan sallar Isha'i, waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini. A cikin Suratul Hujurat kuma an haɗa hani ga tajassusi, watau bin diddigin asirin mutane, da hani ga giba a aya guda. Shari'ar da ta kiyaye hurumin ɗaki daga yaron da aka haifa a cikinsa, ta yaya za ta ɗauki tona sirrin musulmi ga kamfanin da ke wata nahiya a matsayin abu mai sauƙi?

Kada mai karatu ya zaci wannan tsoro ne na zato. A shekarar 2018 duniya ta ji labarin kamfanin Cambridge Analytica na Ingila, wanda ya sami bayanan masu amfani da Facebook ya yi aikin siyasa da su. Abin lura a cikin wannan ƙissa shi ne yadda aka samo bayanan: mutanen da suka buɗe manhajar tambayoyin da aka yi tarko da ita ba su wuce 270,000 ko makamancin haka ba, amma da yake tsarin Facebook na wancan lokaci ya bar manhaja ta ɗebi bayanan abokan wanda ya amince, sai Facebook da kansa ya bayyana cewa abin zai iya shafar mutane har miliyan 87. Ashe kenan kowane mutum ɗaya da ya ce ya yarda, ya yarda ne a madadin ɗaruruwan da ba a tambaye su ba. A 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5, amma tara ba ta dawo da abin da ya riga ya fita, domin magana zarar bunu ce.

A nan gida kuwa, masifar ta zo mana ta ƙofar da ta fi ciwo, ƙofar bashi. Manhajojin ba da rance sun yawaita a Najeriya, suna yi wa mabuƙaci alkawarin kuɗi cikin 'yan mintuna ba jingina ba shaida, sharaɗinsu kawai ya ba su izinin shiga lambobinsa da hotunansa. Mutum ya karɓi naira dubu goma domin kuɗin makarantar yaro ko maganin mai jego, wa'adi ya yi, kuɗi ba su samu ba; sai a wayi gari limamin masallacinsa da surukinsa da maigidansa a wurin aiki kowa ya sami saƙo ɗauke da sunansa, wani lokaci har da hotonsa, ana kiransa macuci, ana gargaɗin jama'a su yi hattara da shi. Shi an zubar masa da mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa, su kuma waɗanda aka aika wa saƙon an kutsa musu, ana damunsu da kira a kan bashin da ba su ci ba, ba su kuma tsaya wa kowa ba. Wannan shi ne cin naman mutum tsantsa, sai dai an ɗora wa na'ura aikin.

Hukumomi sun motsa, kuma adalci ne a faɗa. A watan Agusta na 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan keta sirri. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rance a Legas. Daga ƙarshen watan Mayu na 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan mutane. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ƙari a kan sashe na 37 na tsarin mulki wanda tun asali ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yuli na 2024 FCCPC ta yanke wa Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 bisa zargin yin yadda ya ga dama da bayanan 'yan Najeriya. Duk wannan abin yabo ne. Amma doka tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, alhali kuwa ɗan yatsan da ke danna maɓalli yana gabanta da nisa.

Na san akwai mai cewa, ai talaka ba shi da zaɓi, kuma a cikin maganarsa akwai gaskiya mai yawa. Wanda yunwa ta kora zuwa ga manhajar rance ba shi da natsuwar karanta sharuɗɗa, sharuɗɗan kuma an rubuta su da Turancin lauyoyi, shafi bayan shafi, da ƙananan haruffa, ta yadda ko mai digiri sai ya gaji ya danna. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa ciniki ba ya inganta sai da yarda, yarda kuma ba ta tabbata a kan abin da aka jahilta. Don haka kaso mafi girma na alhaki yana wuyan wanda ya tsara yarjejeniyar domin kada a gane ta. Sai dai nauyin da ke kan kamfani bai sauke wanda ke kanmu ba, musamman da yake akwai ɓarna mai yawa wadda babu hannun wani kamfani a cikinta, mu ne da kanmu muke yinta.

A je kowace kasuwar waya a duba. Mutum zai miƙa wa mai gyara wayarsa tare da lambar buɗe ta, ya tafi ya bar ta kwana biyu, da hotunan iyalinsa a ciki ba lulluɓi. Dattijo zai sayi sabuwar waya, yaron shago ya buɗe masa adireshin imel, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya rubuta a littafinsa, dattijon ya tafi bai ma san yana da ita ba. Wani zai sayar da tsohuwar wayarsa bai goge komai ba. Mafi muni kuma, aboki zai yi wa abokinsa magana a keɓe, shi kuma ya ɗauki hoton hirar ya watsa a guruf. Mace ta yi wa 'yar'uwarta saƙon murya, kafin magariba ya zaga gari, aure ya mutu, zumunci ya yanke. Mafi yawan masu gyaran waya mutanen kirki ne masu neman halal, kuma mafi yawan masu tura saƙo ba su nufin sharri. Amma amana ba a barinta ga sa'a, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da nake kira gare shi ba ƙaurace wa fasaha ba ne, domin waya ta sada zumunci, ta sauƙaƙa ciniki, ta kai karatun malamai lungunan da ƙafa ba ta kai ba. Ina kira ne ga ladabin riƙonta. Idan manhajar tocila ko ta wasa ta nemi ganin lambobinka, ka tambayi kanka mene ne haɗin haske da lambar mahaifiyarka, sa'an nan ka hana ta. Wayoyin yau suna da wurin da ake duba izinin da aka bai wa kowace manhaja, a kuma janye shi. Ka sa wa WhatsApp ɗinka tabbatarwa mai mataki biyu, kada kuma ka karanta wa kowa lambobi shidan da ake aiko maka, ko da ya ce daga ofishin kamfani yake, domin wanda ya ƙwace asusunka 'yan'uwanka zai fara damfara da sunanka. Kafin ka kai gyara ka kwashe abin da ya kamata a suturta, kafin ka sayar ka goge wayar gaba ɗaya. Kafin ka tura maganar wani kuma, ka nemi izininsa, kamar yadda kake so a nemi naka.

Ga malamanmu, ina roƙon su shigar da wannan babi cikin wa'azi da karatun zaure, su bayyana wa almajirai da iyaye cewa hukuncin giba da annamimanci da cin amana bai canza ba don an aikata su da ɗan yatsa. Ga hukumar NDPC da takwarorinta, ya kamata su tilasta wa duk kamfanin da ke neman kuɗin Bahaushe ya gaya masa da harshensa, a gajarce, abin da zai ɗauka daga wayarsa da wanda zai ba, su kuma buɗe hanyar kai ƙara wadda mai sayar da goro zai iya bi ba sai ya ɗauki lauya ba. Mu kuma sauran jama'a, idan an sake tambayarmu me muke da shi da za mu ɓoye, amsar gaskiya ita ce muna riƙe da asirin iyayenmu da matanmu da aminanmu, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe shi.