Kimiyya a Sauƙaƙe: Maganin da Ba Ya Farkawa Sai an Haska Shi

Kafin mu shiga darasin wannan mako, ga ɗan aiki. Idan dare ya yi, ku kunna tocilar waya, ku ɗora ɗan yatsa a kanta. Za ku ga yatsan ya yi jawur. Haske ne ya ratsa nama, kuma jan haske ya fi sauran launuka yin nisa a cikin jiki. Sai ku gwada da tafin hannu, za ku ga da ƙyar yake fitowa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ciwon daji yana samuwa ne idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka riƙa hayayyafa ba tsayawa. Ɗaya daga cikin manyan magungunansa daga ƙarfe aka samo shi. A 1965, Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ya lura cewa ƙwayoyin bakteriya sun daina rabuwa a cikin ruwan da ya sa wa lantarki ta sandunan filatinam. Binciken da ya biyo baya ya kai ga maganin cisplatin, wanda Amurka ta amince da shi a 1978. Ya ceci rayuka masu yawa, amma jini yana kai shi ko'ina, don haka yakan taɓa ƙoda da ji, ya sa amai mai tsanani.

Sai masana suka tambayi kansu: me zai hana a haɗa maganin da zai shiga jiki yana barci, ba zai farka ba sai a inda likita ya haska?

Tushen dabarar wani ɗalibi ne. A wajen 1900, Oscar Raab, mai karatun likita a birnin Munich na Jamus, ya ga cewa wani rini yana kashe ƙananan halittun ruwa idan akwai haske, amma a duhu ba ya yi musu wata illa sosai. Daga baya aka gane aikin yana tsaye ne a kan abu uku, kamar duwatsun murhu: magani, haske, da iskar oksijin. Maganin yana zuƙar ƙarfin haske ya miƙa wa oksijin, ita kuma ta rikiɗe ta zama mai ƙuna, ta lalata ƙwayar da take ciki. Ba ta daɗewa, ba ta nisa, shi ya sa ɓarnar take tsayawa a inda aka haska. A cire dutse ɗaya, tukunya ta kife.

Me ya kawo ƙarfe? Ku duba jadawalin sinadarai na ajinku, a tsakiya za ku ga rutiniyam mai lamba 44, faladiyam mai lamba 46, da filatinam mai lamba 78. Idan aka ɗaura irin waɗannan a tsakiyar wani sinadari, suna taimaka masa ya miƙa ƙarfin haske ga oksijin yadda ake so. Ba baƙon tsari ba ne: jan jininmu ƙarfe ne a tsakiyarsa, koren ganyen gero kuma maganiziyam.

Misali biyu. Tookad, mai ɗauke da faladiyam, an ƙirƙiro shi a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, Tarayyar Turai kuma ta amince da shi a 2017 don sankarar furostet da ba ta yi nisa ba. TLD-1433 kuma, mai rutiniyam, ya fito daga ɗakin binciken Farfesa Sherri McFarland, kuma an kai shi matakin gwaji a kan masu sankarar mafitsara a Kanada da Amurka. Ana ɗura shi cikin mafitsara ta siririyar roba, ya ɗan jima, a tsiyaye, sannan a zura zaren gilashi mai fitar da koren haske.

Da jin kalmar mafitsara, ya kamata mu a Bodinga da Shagari mu gyara zama. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe da nuna cewa sankarar mafitsara tana cikin waɗanda suka fi kama maza a yankin Sakkwato, kuma tana da alaƙa da tsargiya. Tsutsar tsargiya tana fitowa daga dodon koɗin ruwa, ta huda fatar mai wanka, wanki ko kamun kifi a tafki, fadama ko bakin madatsa irin ta Shagari. Ƙwayayenta suna maƙalewa a bangon mafitsara, su jawo fitsarin jini. Idan aka bar su shekara da shekaru, miki kan miki yana iya zama daji.

Yanzu mu koma ga yatsa da tocila. Tun da haske ba ya zurfi, wannan sabon magani ƙarin da ke saman bangon mafitsara yake iya kaiwa. Wanda ya nutsa cikin nama ya fi ƙarfinsa, kuma yawancin masu ciwon a wajenmu sai ya yi nisa suke isa asibiti. Kada kuma wani ya ce shanya jiki a rana magani ne; ba tare da sinadarin da kulawar likita ba, ƙuna kawai za a sha.

Saboda haka, jini a fitsari ba alamar balaga ba ce, ba kuma abin kunya ba ne. Wanda ya gani ya faɗa wa iyaye ko malami, a je asibiti a auna. Maganin tsargiya, praziquantel, ana raba shi kyauta a makarantu bisa tsayin ɗalibi. Idan masu rabo sun zo, a ci abinci, a haɗiya, kada a ɓoye a aljihu. A daina fitsari a cikin ruwa ko bakinsa, domin ta nan cutar take komawa ga dodon koɗi.

Tambayar mako: me ya sa yatsa yake yin ja, ba shuɗi ba, a kan tocila? Ku tattauna da malamin kimiyyarku, ku aiko mana da amsa tare da sunan makaranta da aji. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.